Jarkokin Baba Gidaɗo

Shekara talatin babana, Malam Gidaɗo, ya yi yana aikin malamin dabbobi, yana bin rugage da tsohuwar jif ɗinsa yana yi wa shanu allura. Motar ba ta shiga lungunmu na Dala, a bakin titi ake ajiye ta. Jarkokinta biyu kuwa, na ƙarfe, koraye, in sun dawo wayam a soro suke zama.

A daji babu gidan mai, shi ya sa Baba ba ya wasa da guzurin fetur. Ba a zuba shi a jarkar roba, ba a sa shi cikin mota inda mutane suke, sai dai a ɗaure a baya a tsaye. Babban laifi kuwa shi ne a cika jarka har baki. Cewa yake mai yana kumbura in ya sha rana, dole a bar masa wurin numfashi, faɗin yatsu huɗu. Ni da nake 'yar rakiyarsa gidan mai, sai ya ce nawa yatsun ba su kai ba, in auna shida. Sunan mahaifiyarsa na ci, Maimuna, don haka bai taɓa kirana da shi ba. 'Yardada yake ce mini.

Yau shekara biyu ke nan da mantuwa ta kama shi. In na shigo gida sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, ya mutan gidan?" Wannan ladabin ya fi zagi yi mini ciwo. Ban nemi komai ba sai ya gane ni, ko sau ɗaya ne.

Da yayana Tajuddeen ya sayar da motar, aka ce ranar Asabar wanda ya saye ta zai zo ya ɗauka har da jarkokin. Ranar Juma'a da hantsi na fito da su ƙofar gida zan wanke. Baba yana kan tabarma a soro, yana kallon hanya. Na kafa mazurari na dinga ɗura ruwa a ɗaya, ina sane na ƙi tsayawa, har ya tumbatsa ya gangaro ƙasa.

"Kai, kai, kai! Wa ya koya miki wannan ɗanyen aikin?"

Mutumin da sai an kama shi yake tashi, ga shi tsaye a kaina.

Na ce, "Babana ne."

"To ƙarya kike yi wa babanki. Rage shi!"

Na karkata jarkar na zubar, na ɗora yatsu huɗu a wuyanta. Ya sunkuya ya kama hannuna, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Hannu ne na mace mai shekara arba'in da uku, har da ƙunar girki a kai.

Ya ce, "Sau nawa zan gaya miki, 'Yardada? Ke shida ne. Yatsunki ƙanana ne."

Kuka ya zo mini, na danne don kada ya tsorata. Na ce, "Na manta ne, Baba." Na ƙara zubarwa har sai da ya gyaɗa kai.

Da yamma ya koma ce mini Hajiya. Washegari mai mota ya zo, na ce masa ya tafi da jif ɗinsa, jarkokin kuma ya nemi wasu a kasuwar Ƙofar Wambai. Waɗannan ina da aiki da su kowace Juma'a.