Katin Salihu Na'ibi

A shekarar 1976, Idris yana aikin karɓar baƙi a wani otal mai hawa biyar a bakin unguwar Ammariyya, a birnin Jidda. A Jidda aka haife shi, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, don haka duk baƙon da ya shigo da babbar riga shi ake tura wa. A shekarar ne mai otal ya kawo 'yar na'urar ƙarfe ta katin bashi, irin na roba da Turawa ke biyan kuɗi da shi. Ana ɗora katin a ja hannun na'urar, sai lambobin su fito a kan takarda mai kabon, baƙo ya sa hannu. Manaja, Ustaz Abdulghaffar, ya gargaɗe su tun ranar farko cewa duk wanda ya karɓi katin sata, shi zai amsa a gaban 'yan sanda.

Wata ranar Talata bayan la'asar, tasi ta sauke wani dattijo mai furfura, riƙe da jaka biyu, ɗaya ta fata sabuwa, ɗaya ta kwano. Ya tsaya a tsakiyar falon yana duba fuskoki har idonsa ya faɗa kan Idris.

"Kana jin Hausa?"

"Ina ji, Baba. Sannu da hanya."

Dattijon bai amsa gaisuwar ba. Ya ce ɗaki yake so na kwana biyar. Ya juya baya, ya lalubo wani abu daga aljihun ciki, sannan ya ajiye kati a kan kanta, yatsunsa biyu danne da gefensa.

Idris ya karanta sunan: Salihu U. Na'ibi. Ya nemi fasfo. A fasfon an rubuta Usuman Na'ibi, ɗan kasuwa, Gusau. Ya buɗe ɗan littafin da ake aiko musu duk wata, mai jerin lambobin katunan da aka sace ko aka soke, ya bi shafi-shafi da yatsa. Lambar ba ta ciki. Ya buga katin a na'ura, ya miƙa takardar da biro.

Dattijon ya riƙe biron kamar yadda ake riƙe alƙalamin kara. Ya fara jan layi a hankali, ya tsaya, ya saci kallon bayan katin, ya ci gaba. Sai da ya ɗauki kusan minti guda. Da ya gama, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

"Baba, katin nan naka ne?"

"Ba ga shi a hannuna ka gan shi ba?"

"Sunan da ke jiki ba shi ne na fasfo ba."

"Na'ibi ne a can, Na'ibi ne a nan. Ka ba ni makulli, ko ka ba ni abina in tafi."

Idris ya ɗauki katin ya nufi ofishin manaja. Kafin ya kai ƙofa dattijon ya zagayo kantar, ya kama masa hannun riga.

"Ina za ka kai shi? An ce mini kada ya bar idona."

"Wa ya ce maka?"

Dattijon ya ƙi sakin hannun rigar.

Abdulghaffar ya fito ya saurari bayani da Larabci. Ya juya katin, ya dubi dattijon daga sama har ƙasa, ya ce a kira 'yan sanda, shi ke nan. Idris ya san abin da hakan ke nufi ga tsohon da ba ya jin Larabci ko Turanci. Ya kuma san cewa takardarsa ta zama, iƙama, tana hannun surukin Abdulghaffar ne, don surukin ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a ƙasar. Ya roƙi minti biyar, ya ja dattijon gefe.

"Baba, mutumin nan 'yan sanda zai kira. In akwai magana, ka faɗe ta yanzu."

Dattijon ya ce Salihu ɗansa ne, likita ne a Ingila. Ya zo Kano ya ɗauko shi don su yi umra. Da suka sauka a filin jirgin Kandara na nan Jidda aka ga takardar allurar kwalara ta Salihu ta wuce wa'adi, aka ce sai an killace shi kwana biyar. Kafin a tafi da shi ya tura masa katin da sunan otal a takarda, ya ce ya kwaikwayi sa hannun da ke baya.

"A cikin mota na yi ta gwadawa a tafin hannuna," in ji shi. "Ni da ajami nake rubutu."

"To me ya hana ka faɗi haka tun farko?"

"Na san ka ne? A filin jirgi ma wani mai Hausa kamar taka ya ce in ba shi fasfona ya gyara mini wani abu."

Idris bai gaskata shi duka ba. Labarin ya yi masa daidai da yawa, kuma sabuwar jakar fatar ba ta yi kama da ta mai jakar kwano ba. Mai yiwuwa akwai wani Salihu a wani wuri yana neman jakarsa. Amma ya koma wurin manaja ya ce a kulle katin a akwatin ƙarfe na ofis, shi kuma zai tafi da tsohon gidansu, gobe ya je karantina, inda aka ce an killace ɗan, ya gano gaskiya. Abdulghaffar ya ɗaga kafaɗa.

"Ɗayyib. In ya gudu, kai ne a madadinsa."

Dattijon ya tsaya ya ga an saka katin an murɗa makulli. Ya tambayi wanda ke riƙe da makullin. Aka nuna masa manaja. Ya dube shi sosai.

A gidansu da ke unguwar Hindawiyya, Zaituna mahaifiyar Idris ta kawo shinkafa da kifi, ta zauna daga bayan labule tana yi wa baƙon tambayoyi. Wace unguwa a Gusau? Ɗan wa? Matansa nawa? Shi kuma yana amsawa a gajarce, bai taɓa abincin ba sai da ya ga Idris ya ci daga gefen da ke gabansa. Da ya fita alwala ya tafi da jakunkunansa biyu.

"Ya waladi, ɗana," in ji Zaituna cikin raɗa, "wannan ko dai ɓarawo ne, ko kuwa an taɓa yi masa sata mai ciwo. Ka ɗauke rediyon nan ka kawo ɗakina."

Washegari da hantsi suka hau tasi zuwa kudancin gari, inda ake killace matafiya. Dogon gini ne mai shingen waya, iskar teku na kaɗa shanyar mutane. Idris ya bar dattijon a mota da gangan, ya je shi kaɗai ya ba mai gadi suna. In babu mai wannan suna, ya riga ya yanke abin da zai yi.

Bayan kusan rabin awa wani mutum mai tabarau ya fito, rigarsa ta yamutse, ya tsaya taku uku daga shingen.

"Ni ne Salihu. Wane ne kai?"

"Sunan mahaifinka?"

"Kai zan tambaya. Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ka faɗa mini sunansa da abin da ke hannunsa."

Salihu ya cire tabarau ya goge. Ya ce Usuman, da jakar kwano shuɗiya, da tasa jakar ta fata mai takardun asibiti a ciki. Sannan ya ce, "In kuɗi kake nema kafin ka nuna mini shi, ka faɗi nawa ne."

Maganar ta yi wa Idris zafi. Ya ɗaga wa direba hannu. Dattijon ya fito daga motar da sauri har takalminsa ɗaya ya fita, ya zo ya kama wayar shingen da hannu biyu. Idris ya matsa gefe ya ba su wuri.

Da suka gama, ya zura sabuwar takardar kati da biro ta ramin shingen. Salihu ya karanta ta sau biyu, ya sa hannu cikin daƙiƙa ɗaya. Idris ya kwatanta da wadda tsohon ya yi jiya. Ta tsohon ta fi kama da abin da ya gani a bayan katin.

"Yaga ta jiya a gabana," in ji Salihu. "Har kabon ɗin. Kuma ina katin yake?"

"A akwatin ƙarfe na otal."

"Ka tabbata?"

"Da idona na gani, da idon Baba."

A ranar aka ba dattijon ɗaki, aka mayar masa da katin. Da Salihu ya fito suka wuce Makka. Wajen sallama tsohon ya riƙe hannun Idris ya daɗe, ya ce a gaida Hajiya, a ce mata kifinta ya yi daɗi.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo wa Idris daga Ingila, ta adireshin otal. Salihu ne. Ya rubuta cewa a takardar da banki ya aiko masa akwai cinikin awarwaro shida daga wani shagon zinariya a Jidda, ranar Laraba da safe, lokacin da su uku suke tsaye a bakin shinge. Ya ce bai zargi kowa ba tukuna, amma sunan Idris kaɗai ya sani a otal ɗin.

Idris ya karanta wasiƙar a tsaye a bayan kanta. Ta ƙofar ofis yana hango Abdulghaffar yana shan shayi yana waya, yana dariya. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, ya ƙarasa aikin ranar.

Da ya koma gida ya karanta wa Zaituna. Ta ce kada ya buɗe baki a otal, iƙamarsa na hannunsu. Ya ce ya sani. Ya zauna ya rubuta wa Salihu amsa da Turancinsa na aiki: ƙarfe nawa aka kulle katin, ƙarfe nawa aka buɗe, wa ke riƙe da makulli, da kuma cewa mahaifin Salihu shaida ne. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba. Ya kai wasiƙar gidan waya na Bab Makka da kansa maimakon ya sa ta cikin wasiƙun otal.

Salihu bai sake rubutowa ba. Bayan wasu makonni wasu mutum biyu sanye da kwat suka zo daga kamfanin katin suka shiga ofis da mai otal, aka rufe ƙofa. Da suka fito suka tafi da na'urar katin. Abdulghaffar ya ci gaba da zama manaja, sai dai ya daina amsa gaisuwar Idris, kuma ya mayar da shi aikin ɗakin ajiyar kaya. Idris ya yi wata huɗu a can kafin wani kawunsa ya samo masa sabon kafili a wani kamfanin jiragen ruwa, ya koma aikin rubuta takardun kaya a tasha.