Ɓera Mai Lamba Sha Tara

Ɓeraye arba'in ne, farare fat, kowanne da lambarsa a jikin keji, kuma mace ɗaya ce ke share musu kashi. Uwar Ɓeraye ake kiranta a ɗakin gwajin. Rabinsu ana ɗiga musu wani sinadari a ruwan sha, sauran kuwa ruwa mai tsabta suke sha. Duk Litinin a tara fitsarinsu a 'yan kwalabe, na'ura ta faɗi halin da ƙodarsu ke ciki.

To, sinadarin nan ta san warinsa tun kafin ta san sunansa. Shi ke tashi daga rigar mijinta, wanda ya shekara goma sha shida yana dama fenti a masana'anta. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, a asibiti kuma aka ce gajiya ce.

"Dakta, da za a taimaka a duba fitsarin maigidana," ta ce wa shugaban ɗakin.

"Iya, izininmu na ɓeraye ne. Na mutum sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Kwamiti ne fa, Iya."

Ran Litinin da sassafe ta miƙa wa mijin kwalba. Ya yi dariya har da tari. "Wato na zama ɓera ke nan?"

"Ina ka kai? Su kullum likita na kansu."

A ɗakin gwajin ta zubar da fitsarin lamba sha tara, wani ƙato cikin masu shan ruwa mai tsabta, ta juye na mijinta a gurbinsa.

Ran Laraba sakamako ya fito. Tana nan kusa da teburin Dakta, tana ta goge wuri ɗaya.

"Dubi sha tara," ya ce wa abokiyar aikinsa. "Ƙodar da ta ba da wannan ai ta gama aiki."

Abokiyar aikin ta leƙa kejin. "Ga shi can yana cin abincinsa. Kwalbar ce ta gurɓace."

"Goge sakamakon nasa, kada ya ɓata mana sauran." Ya waiwayo. "Iya, a riƙa wanke kwalaben da kyau."

"To, Dakta."

Da ta koma gida, mijin na kishingiɗe yana jiranta.

"Me suka ce?"

Ta durƙusa, ta ɗaga ƙafafun nan masu nauyi ta ɗora kan matashi.

"Sun ce in riƙa wanke kwalba da kyau."