Kusurwar da Ba Ta Shiga Ruwa

A gidan Mai Takalmi akwai wani farin zanen tebur da ba a fito da shi sai ranar Kirsimeti. Shekara talatin da ɗoriya, duk baƙon da ya ci abinci a teburin ranar, da duk yaron da aka ga ya ƙara girma, sai ya ɗora tafinsa a kan zanen. Maigidan ne ke zagaye hannun da fensir, don sana'arsa ce: a shago ma haka yake zagaye ƙafar mutum a kan kwali kafin ya yanka fata. Daga nan matarsa ta karɓa, ta bi layin da zare mai launi. Sai ta gama ɗinki ake wankewa, saboda fensir ba ya jure sabulu.

Bana babu mai karɓa. Tsohuwa, kamar yadda yake kiranta tun tana da ƙuruciyarta, ta rasu da damina.

Saura kwana uku Kirsimeti, yana zaune a falo da hantsi, sai ga surukarsa ta fito daga ɗakin marigayiyar da zanen a kafaɗa. Matar babban ɗansa ce, a asibiti take aiki, kowa Nas yake ce mata. Mace ce da in ta ga tabo a jikin farin wata sai ta nemi tsani.

"Baba, zanen nan ya yi fumfuna. Akwatin ya sha danshi. Na haɗa ruwa zan jiƙa shi."

"To jiƙa mana. Ni ma in kin ga dama ki haɗa da ni, na san kin daɗe kina harara ta."

"Kai sai an kwana ana dirza," ta ce. Ta yi dariya, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana murza bakin zanen. "Baba, kusurwar nan fa? Mama ba ta taɓa bari ta shiga ruwa ba. Ƙulle ta take yi cikin leda, ta riƙe a sama, ni ina wanke sauran. Yanzu kuwa fumfunar ta kai har can."

"Wace kusurwa?"

Nas ta shimfiɗa masa ita a kan cinya. Ƙamshin man zafin Tsohuwa ya taso masa, har sai da ya waiwaya wajen kujerarta. Babu kowa, sai matashin da ya lotsa daidai zamanta.

Kusurwar ta yi duhu, ta bambanta da sauran zanen kamar ƙafar da ta daɗe cikin bandeji. A tsakiyarta akwai hannu, layin fensir ya dushe har sai an karkata shi wajen haske. Bai tambayi na wane ne ba. Wanda ya shekara arba'in yana zagaye gaɓoɓin mutane ya san layin kansa. Ga ɗan ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe tun ranar da ƙofar shago ta datse shi. Hannun Auta ne.

Shekara shida ke nan. Auta ya dawo gida ranar Kirsimeti bayan dogon yawo, yana warin abin da ya sha. Uban ya danne zuciyarsa, ya kama wuyan hannun ya zagaye. Ana tsakiyar cin abinci bakinsa ya ƙi haƙuri, ya yaɓa wa yaron magana a gaban baƙi. Auta ya miƙe. Magana ta ja magana, sai yaron ya sa hannun nan ya ture shi a ƙirji, ya faɗi shi da kujera, a gaban fasto da matar fasto.

"Hannun da ya taɓa ni ba zai shiga zanen nan ba," ya gaya wa Tsohuwa da yammar ranar. "Ki wanke shi."

Ta ce, "To." Ita ce irin matan da "to" ɗinsu ke da ƙofar baya.

Auta ya bi manyan motoci. Bayan shekara biyu aka bugo waya daga wani gari mai nisa: mota ta kife, har an binne. Ba su ga gawa ba, ba su ga kabari ba. Ko hoton kirki na girmansa bai bari ba.

Mai Takalmi ya shafa zanen da babban yatsa, sai ya ji tudu. Ya matso da shi kusa da ido. An fara ɗinkin ashe, amma da farin zare a kan farin yadi, yadda mai wucewa ba zai gani ba. Babban yatsa ya ɗinku, manuni ya ɗinku, na tsakiya ya kai rabi. A nan allurar ta tsaya, tana soke har yanzu, ta yi tsatsa ta bar jan tabo. Daidai lokacin da idon Tsohuwa ya fara gazawa, farin zare ya gagare ta.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"Mijinki fa?"

"Shi ke sayo mata farin zaren."

"Wato gidan nan kowa ɗan majalisa ne, ni kaɗai ne mai gadi."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In na jiƙa, abin da ya rage na fensir zai tafi. In ban jiƙa ba, fumfuna za ta ci yadin. Ka faɗi abin da za a yi."

"Ni shekara shida ban gan shi a kan tebur ba. A ina take ɓoye shi?"

Surukar ta sunkuyar da kai. "Ai ita kaɗai ke shimfiɗawa. Kullum kusurwar nan takan faɗo ta wajen kujerarka. Ta ce nan ne kaɗai ba za ka duba ba."

Teburin ƙarami ne, zanen ya fi shi, gefensa yakan sauko har cinyar masu zama. Duk Kirsimeti a shekarun nan, da ya zauna ya rufe ido zai yi addu'ar abinci, sai ya ji wani nauyi mai ɗumi a gwiwarsa ta hagu. Yakan ce sanyin ƙashi ne. Har Nas ta taɓa kawo masa ƙwayoyi. Tsohuwa kuwa takan dube shi ta ƙasan ido, ta ce, "Ci abincinka."

Yanzu ma kusurwar tana kan gwiwar hagu. Haka Auta ke yi yana ƙarami in yana son a ɗauke shi: ba ya magana, sai dai ya zo ya ɗora hannu a nan, ya jira.

"Ruwan naki zai huce," ya ce.

"Sai in sake dafa wani."

Ya tashi da ƙyar ya shiga ɗakinsa, ya jawo akwatin aikin da ya rufe tun da ya bar shago. Ya wuce basilla, ta yi wa yadi kauri. Ya zaɓi allurar da yake ɗinka takalman jarirai da ita. Zare kuwa ba shi da ja ko kore irin na Tsohuwa, sai baƙin zaren takalmi mai kaki, wanda ruwa ba ya ci.

"Baba, baƙi? Ai daga bakin ƙofa za a hango shi."

"To da fa? Ni ban iya ɗinkin ɓoye ba."

Ya zauna bakin taga ya zare tsohuwar allurar. Ta fito da ƙyar, kamar ana riƙe da ita ta baya. Bai jefar ba, ya soke ta a wuyan rigarsa. Ya fara daga inda ta tsaya. Da ya zo yatsa na huɗu sai ya ga layin ya yi 'yan ƙananan karkace-karkace. Ya san wannan. A shago, in layi ya yi haka, ƙafar ce ke rawa. Ranar da ya zana shi, ya ɗauka abin sha ne ke kaɗa yaron. Ya daɗe yana kallon wurin, sai ya tuna cewa shi ne ya danne hannun a kan tebur, ƙam, yadda ba zai motsa ba. Wanda ke rawa shi ne mai riƙe da fensir.

Bai miƙe layin ba. Ya bi kowace karkata yadda take. Sau biyu ya ji kamar ƙarar almakashi daga wajen kujerar Tsohuwa, ƙyas, yadda take yanke zare. Bai waiwaya ba. Ya dai ce, "Na ji. Ai ina yi."

La'asar ta yi kafin ya zagaye ɗan ƙaramin yatsan mai lanƙwasa, ya sauko wuyan hannu, ya ƙulle. Hannun ya fito rabi fari rabi baƙi. Ya miƙa wa Nas.

"Jiƙa shi duka. Har kusurwar."

Ranar Kirsimeti, da suka dawo daga sujada, babban ɗansa ya ɗauko zanen, ya juya shi yadda baƙin hannun zai hau saman tebur, kowa ya gani.

"A'a," uban ya ce. "Mayar da shi inda uwarka ke sa shi."

Aka juya. Kusurwar ta faɗo ta wajen kujerarsa. Ya zauna, kowa ya rufe ido ana jiran addu'a. Aka jira, aka jira. Nas ta buɗe ido ɗaya, ta ga tsohon ya sa hannunsa ƙarƙashin tebur, ya dafa gwiwarsa ta hagu, bakinsa yana motsi. Ta mayar da idonta ta rufe.