Ƙeyar Tela

Tela ya gaji da gaisuwa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙo shago, shi kuwa da ya ɗaga kai sai ɗinki ya karkace. Don haka ya juya kekensa ya fuskanci bango. Aiki ya yi sauri, masu leƙowa kuma suka yi ta raguwa har suka daina.

Rigar maƙwabcinsa, Baba mai gyaran takalma, ta daɗe a rataye ba a zo karɓa ba. Ran nan ya naɗe ta ya kai masa da kansa, sai ya tarar mai kantin layinsu na jibge kwalaye a rumfar Baba.

"Ina Baba?"

"Kai, Tela, ashe kana gari! Ai ciwon ƙafa ya mayar da shi wurin 'yarsa. Duk layin nan muka taru muka loda masa kaya. Ya tsaya bakin ƙofarka yana ta sallama, ƙeyarka kawai ya gani."

Tela ya koma da rigar a hammata. Shi kaɗai ya ja keken ya maido shi bakin ƙofa. Har yamma yana ɗaga kai, mutane na ta wucewa, ba wanda ya leƙo.