Ƙosai a Takardar Bindiga

Shekara goma sha tara Malam Sebastian yana riƙe da makullin kabad a ofishin ba da lasisin bindiga, kuma ba a taɓa jin wata magana ta fito daga kabad ɗin nan ta shiga gari ba. Mutumin Wusasa ne, dogo siriri, mai jan biro a aljihun gaba. Kanawa sun kasa sunan nasa suka mai da shi Malam Basti, shi kuma tun yana gyara musu har ya gaji ya bari.

Aikin nasa ba mai hayaniya ba ne. Duk mai son bindigar farauta ko ta gadin gona sai ya cika fom, ya kawo shaidu biyu, da takardar mai unguwa, da ta likita mai nuna idonsa da hankalinsa lafiya lau. Sai a bi sawu a bincika, a ba shi ko a hana shi. Tun da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a a Kano, masu nema suka yi yawa, Musulmi da Kirista, kowa da abin da yake tsoro. Malam Basti ya san gidan da ke da bindiga da wanda aka hana, daga Nassarawa har Hotoro, ya kuma san a irin wannan zamani ba abin da ya kai wannan sani haɗari. Matarsa Joan takan tsokane shi, ta ce ita kabad ta aura. Shi kuwa daɗi abin yake masa, don da wannan kaɗai yake taƙama a duniya.

Akwai ƙa'ida guda da ya fi so a aikin: wanda aka hana lasisi, in an shekara biyu sai a ƙone fayil ɗinsa ƙurmus, kada sirrin mutum ya yi ta kwana a ofis ba dalili. A cikin waɗanda lokacinsu ya yi a bana akwai na Alhaji Aƙilu, tsohon jami'in gona, mai gidan nan na kan kwana da mangwaro ya leƙo ta katanga. Birai ne suka addabi masararsa a hanyar Wudil ya zo neman lasisin bindiga mai baki biyu. Likitansa kuwa bai iya ƙarya ba, ya rubuta cewa Alhaji yana da farfaɗiya, yana shan magani. Aka hana shi. Alhaji bai yi gardama ba, sai dai ya ja kujera kusa da teburin, ya roƙi Malam Basti da girman Allah kada maganar ta wuce ɗakin nan. Malam Basti ya yi masa alkawari.

To, kun dai san mutanenmu da farfaɗiya. Wanda ya yi digiri ma sai ka ji yana cewa ana ɗauka a yawu, ana gadonta har jikoki. Ga shi kuma a daidai wannan watan wasu mutanen Gawuna suna neman auren Ameera, 'yar Alhaji ta fari, wadda ke koyarwa a sakandare, kuma ita da yaron suna son juna. Manya sun shiga bincike, ana bin maƙwabta ana tambayar asali da hali. Takarda ɗaya ta isa ta rushe komai.

Ranar Juma'a Malam Basti ya ware fayilolin, ya cika buhu. Ƙa'ida ta ce ya tsaya a kan wutar har ta cinye. Amma ranar akwai koyon waƙa a coci, shi ne kuma mai ba da waƙar, ga hayaƙi yana tayar masa da tari. Sai ya miƙa wa Lawan masinja buhun, dattijon da suka yi shekaru tare, ya ce ya ƙone a bayan ofis. Lawan ya ce an gama, ranka ya daɗe.

Litinin da safe ya biya wajen Sauda kamar kullum. Sauda tana suyar ƙosai a gindin darbejiyar da ke jikin katangar Alhaji Aƙilu, kuma duk layin, daga masu gadi har matan manya, nata suke ci. Ya karɓi ƙunshinsa, ya taka zuwa ofis yana jin daɗin safiyar, yana karanta fastocin 'yan takara da aka manna wa kowace bishiya. Ya zauna, ya buɗe, ya kai ɗaya baki. Sai idonsa ya sauka a kan takardar. Mai ya jiƙa ta, amma jan biron nan bai ɓace ba. Rubutun hannunsa ne, lamba ɗari biyu da sha huɗu, an hana. Lambar Alhaji Aƙilu ke nan, ko daga barci aka tashe shi zai faɗa.

Ya ture ƙosan gefe. Ya kira Lawan, ya nuna masa takardar. Lawan kuwa, bawan Allah, ko a jikinsa. Ya ce ai da ya ɗaga buhun ya ga takardu masu kyau, farare tas, sai ya ga ƙone su almubazzaranci ne, alhali ga baiwar Allah can tana fama da tsofaffin jaridu. Shi ne ya kai mata sadaka, da niyyar ladan ya haɗa da Malam. Har yana murmushi, yana jiran a gode masa.

Malam Basti ya so ya yi faɗa, amma da wa? Shi ne ya tafi waƙa. Kunya ta rufe shi, da tsoro, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki. Ya fita ko hula bai ɗauka ba. A hanya yana lissafa gidajen da ƙosan Sauda ke shiga tun daga Asabar, yana hango takardar likitan nan shimfiɗe a kan tabarmar wata Hajiya, ana karantawa ana tafa hannu. Mutumin da ba a taɓa ganin yana sauri ba, ranar har da ɗan gudu.

Ya tarar layi ya ragu, sai wani mai gadi da ke karɓar nasa. Ya jira ya tafi, sannan ya durƙusa kusa da murhu, ya ce, “Hajiya Sauda, buhun da Lawan ya kawo miki, ina yake?”

Ta nuna bayan benci da matsami, ba ta ko ɗago ba. Buhun ya yi rabi. Ya zazzage shi a ƙasa yana tonawa. Ya bi takarda bayan takarda, bai ga ta asibitin ba. Ya sake bi. Babu.

“In ta likitan Alhaji kake nema, huta,” in ji Sauda. “Tun Asabar na hura wuta da ita.”

Ya tsaya yana kallonta. Ta ce ya daina zare mata ido, ita ma ta yi firamare har aji shida a Kaura Goje kafin a ɗauke ta. Da ta buɗe buhun ta ga sunayen mutane da hatimin asibiti, ta san wannan ba kayan ƙunshi ba ne. Sai ta zauna tana warewa: mai suna ko hoto ko hatimi ta shiga murhu, mai lamba zalla ta ƙunsa ƙosai. Rabin nan da ya gani bai samu shiga ba ne, aiki ya yi mata yawa. Ta ƙara da cewa su ma dai 'yan boko wani lokaci sai a hankali, a ce sirrin mutane a buhun masara.

Malam Basti ya haɗiye wannan, don ya cancanta. Amma abu ɗaya ya tsaya masa. Ya rage murya ya ce, “Kin karanta ke nan.”

“Na karanta. Me ta gaya mini sabo?” Ta juya ƙosai a kasko. “Shekara tara ke nan, da sassafe, ya fito zai shiga mota ya faɗi a nan, inda kake durƙushe. Ba kowa sai ni. Na janye kaskon, na lulluɓe shi da mayafina har ya dawo. Da ya tashi na ce masa santsi ne, man suya ya zube. Ya ce haka ne, santsi ne. A haka muke har yau.”

Ta ci gaba da kwashe ƙosai, tana ba shi labari kamar na kasuwa, cewa jiya ma kawun yaron nan na Gawuna ya zo ya zauna a bencin, wai ƙosai ya zo ci, alhali kowa ya san bincike ya kawo shi. Malam Basti ya yi wuf ya tambaya a wace takarda ta ba shi. Ta dube shi sheƙeƙe ta ce a faranti mana, baƙo ne. Ta gaya wa mutumin shekara goma sha ɗaya tana suya a jikin katangar nan, hayaƙi na shiga gidan, ba a taɓa aiko mata da cewa ta tashi ba, kuma Ameera ba ta taɓa wuce ta ba gaisuwa ba. In yana neman wani abu bayan wannan, ya tambayi wani.

Daɗi ya kama Malam Basti. Ya zauna a ƙasa da wandonsa na ofis, ya naɗe hannun riga, ya fara cusa sauran takardun a murhu ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe shi, yana tari, hawaye na zuba, bai matsa ba. Sauda tana mita wai wutar ta yi yawa za ta ƙona mata ƙosai. Da buhun ya ƙare ya lura da kwalin da take fifita wuta da shi. Bangon fayil ɗin Alhaji ne, ta naɗe shi sunan yana ciki. Ya miƙa hannu, ta ba shi tana cewa ya raba ta da maficinta mai kyau.

Daidai nan ƙofar gidan ta buɗe, motar Alhaji Aƙilu ta fito, direba na ja. Alhaji ya sauke gilashi, ya ga babban akawu zaune a ƙasa, fuska duk toka, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“Malam Basti, gwamnati ta sallame ka ne ka koma suya?”

Malam Basti ya tura kwalin can cikin wuta, ya danna shi da itace.

“Hajiya nake taya hura wuta, Alhaji. A sauka lafiya.”