Kiran Kyalla

Jar saniya ɗaya, masu ita biyu. Haka Zulfa ta tarar a turken kasuwar Gidan Amumune ran da ta zo biɗar Kyalla, saniyar mahaifinta Salifu, wadda ta ɓace tun rani. Wani mutum wai shi Hamani ya dafe a kan tasa ce. Shaidar da ke cinyarta kuwa ta shafe, ba ta raba gardama ba.

Sarkin turke ya yanke magana: kowa ya kira, wanda ta bi shi ke da ita. Hamani ya yi fito, ya yi kiran da ya iya har jijiyar wuyansa ta tashi, saniya ko kunne ba ta kaɗa ba.

To, Salifu yana kwance a Issawane da karayar ƙafa, kuma Kyalla ba ta jin kiran kowa sai nasa. Don haka Zulfa ta ɗauko muryarsa cikin salula kafin ta taso. Ta latsa. Ga layi yana tafiya a gilashi, amma shiru kake ji.

Nan fa maza suka zama gwanaye. Wannan ya ce a girgiza, wancan ya ce a kashe a kunna, wani ɗan kabu-kabu ya rantse rezo ne, wato layin sadarwa, alhali abin da ke cikin waya ina ruwansa da rezo? Hamani har da dariya.

"Ɗiyata," in ji sarkin turke, "in an kira azahar ba a ji komi ba, sai ki yi haƙuri."

Zulfa ta dubi wayar da ke hannunta. Saniyar nan kaɗai fari ya bar wa tsohon, da nononta gidan ke yin cuku. Amma ba ta miƙa wayar ga kowa ba. Ta koma gindin aduwa, ta kare gilashin da mayafi, ta duba shi kusurwa-kusurwa. Can sama ta hangi ɗan hoton abin sa wa kunne. Ita kuwa ba ta da shi, ba ta taɓa saye ba. Ta juya wayar, ta leƙa ramin da ake cusa shi, sai ga yashi da gumin tafiya sun daskare a ciki. Ashe waya gani take an toshe mata abin kunne, can take ta zuba muryar.

"Baba, a ba ni minti guda," ta ce wa sarkin turke.

Ta karyo ƙaya, ta sakace ramin a hankali kamar mai cire tsakuwa daga gero, ta hura. Hoton ya ɓace. Ta sake latsawa.

Muryar Salifu ta fasa turken, doguwa, mai ɗan rawa a ƙarshe. Kyalla ta ɗaga kai. A kira na biyu ta fizge igiya daga hannun yaran Hamani, ta keto mutane. Wallahi ranar Zulfa ta ji kanta ya yi girma, ba ta ko ɓoye ba. Ta ɗaga wayar sama don kowa ya ji, ta dubi masu shawara ɗaya bayan ɗaya.

Saniyar ta shinshini wayar, ta zagaya bayan Zulfa tana neman mai muryar, ba ta gan shi ba, ta yi kuka.

Zulfa ta dafa wuyanta. "Shina gida, shina jiran ki. Mu tahi."