Rabon Babban Ɗa

A garinmu, gidan da aka yi rasuwa ba ya dafa gurasar Idin Ƙetarewa a shekarar, sai dai maƙwabta su kai musu. Shi ya sa ranar Alhamis ta idin da yamma na ɗauki tawa da madarar kwakwa na nufi gidan tsoho Ittup, raina a ɓace.

Babban ɗansa Chandi shi ya ja yajin aiki a gonar roba. Da 'yan sanda suka fara nemansa, sai ya ɓuya a rumfar busar da roba. Ƙanensa Pailo ne ya kai su har ƙofar, kuma gawa suka dawo mana da ita.

Kowa a gari da dalilin da yake ganin ya sa Pailo ya yi haka. Wasu sun ce hassada ce, wasu sun ce shugabancin lebura aka yi masa alkawari. Fada kuwa, limamin cocinmu, da yake wa'azi kan almajirin nan da ya ci amanar Ubangiji, ya ce ba wanda ya san zuciyarsa. Ni dai na ce a raina, Fada, ba kai ka wanke gawar Chandi ba.

Na tarar da su zaune a tabarma. Pailo na can gefe kamar baƙo, ya rame. Abin da kowa ke jira shi ne ko uban zai ba shi gurasar, domin wanda aka tsallake a wannan rana ya fita daga gidan ke nan.

Thresiya, matar marigayin, ce ta fara magana.

"Pailo, kafin Baba ya gutsura, ka gaya min. Me ya yi maka?"

"Yaya, 'yan daban mai gona sun san rumfar. Da adduna za su je. Na ɗauka a hannun hukuma zai fi tsira."

"Ka tambaye shi?"

"Da na tambaye shi ai ba zai yarda ba."

"Ashe ka sani," in ji ta.

Wallahi na so in tsane shi kamar da, sai na kasa, kuma hakan ya ƙara ba ni haushi.

Ittup ya yi addu'a, ya gutsuri gurasar, ya tsoma a madara. A al'ada daga babban ɗa ake farawa, don haka hannunsa ya nufi inda Chandi ya saba zama, ya tsaya cak. Can ya juya ya miƙa wa Pailo.

"Baba, wannan ai na Yaya Chandi ne."

"Na sani. Karɓi, yanzu kai ne babba."

Pailo ya karɓa da hannu biyu. Har na kwashe kwanukana na fito bai kai baki ba, madarar tana bin yatsunsa tana ɗiga a tabarma.